Taya ta yi faci a hanya: tambayoyi da amsoshi kan canja ta da kanka

Waɗannan tambayoyi ne da ba sa ƙarewa a bakin masu ƙananan motoci, musamman waɗanda suka saba da zaman gari, inda kowace kwana akwai mai faci, sai ranar da tafiya ta kai su inda babu shi. An jera su bisa yadda aikin yake tafiya. Kowace mota da littafinta, kuma duk inda littafin motarka ya saɓa da abin da ke nan, littafin za ka bi.

Ta yaya zan gane taya ta sace ina cikin tafiya?

Sitiyari ne ke fara gaya maka. Idan ta gaba ce, zai yi nauyi, motar ta riƙa janka zuwa ɓangaren tayar da ta sace. Idan ta baya ce, sitiyarin na iya zama lafiya lau, amma bayan motar ya riƙa lilo, musamman in ka shiga kwana. Sai kuma wata ƙara mai maimaita kanta, wadda ke yin sauri in ka ƙara gudu, ta lafa in ka rage. Motocin baya-bayan nan suna da fitila ruwan ɗorawa a gaban direba da ke kamawa in iska ta ragu, sai dai a motoci da yawa 'yan Kwatano fitilar a kunne take tun ranar da aka sayo su, don haka mai motar ya daina ganinta.

Kada ka ce bari in ƙarasa. Tayar da faci ɗaya zai gyara, in ka taka ta babu iska, gefenta zai niƙe tsakanin wili da kwalta, ta tashi aiki gaba ɗaya. Wuri ɗaya ne ake yarda a yi wannan asara da gangan, kuma an yi bayaninsa a tambayar da ta shafi dare da hanyar da ba tsaro.

Idan ta fashe ina cikin gudu fa?

Ƙafarka za ta so ta danne birki. Hana ta. Birki mai ƙarfi a kan taya uku shi ne ke juya mota ta wuntsila. Riƙe sitiyari da hannu biyu, ka miƙar da motar, ka ɗage ƙafa daga totur a hankali, ka bar ta ta rage gudu da kanta. Sai gudun ya sauka sosai sannan ka fara taɓa birki kaɗan-kaɗan, ka kunna sigina, ka gangara gefe. Fasinjoji za su yi salati da ƙarfi, wani ma ya ce maka "taka birki, direba!" Kai dai idonka a kan hanya.

A ina ya kamata in tsaya?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci a nan, domin canja taya ba ya kashe mutum, motar da ke tahowa daga baya ce ke kashe shi. Nemi wuri mai faɗi, shimfiɗaɗɗe, mai tauri, wanda direban da ke zuwa zai hango ka tun daga nesa. Ban da kan kwana, ban da kan gada, ban da bayan tudu inda mai tahowa ba zai gan ka ba sai ya iso kanka. In ka ga wuri mai kyau a ɗan gaba, lallaɓa da motar a hankali har ka kai.

Tun 1972 a hannun dama ake tuƙi a Nijeriya, kuma a yau haka ake yi a Nijar da Ghana da Kamaru da Chadi. Saboda haka in tayar hagu ce ta sace, kai da bayanka kuna ɓangaren da tireloli ke wucewa. A nan sai ka ƙara shigar da motar gefe fiye da yadda kake ganin ya isa, har ya zama in ka durƙusa babu wani sashen jikinka a kan kwalta. Iskar tanka mai gudu kaɗai ta isa ta girgiza motar da ke kan jak.

Da ka tsaya, kunna fitilun gargaɗi, ka kai sikoshin ɗinka, wato alamar gargaɗin nan mai kusurwa uku, baya, taku hamsin ko fiye, a babbar hanya ma ka ninka. Ajiye shi dab da bayan motar, kamar yadda da yawa ke yi, ba ya gargaɗin kowa. Ganyen da aka saba karyowa a zuba a titi yana taimakawa da rana, amma da dare ba a ganinsa, kuma don Allah in ka gama ka kwashe abinka, da duwatsun da ka yi waigi da su. Dutsen da wani ya bari a titi ya sha fasa tayar na bayansa.

Dare ne, ko kuma hanyar ba ta da tsaro. In tsaya ko in wuce?

Wuce. Duk wanda ke bin hanyar Abuja zuwa Kaduna, ko Funtuwa zuwa Gusau, ko ta Birnin Gwari, ya san akwai wuraren da ba a tsayawa ko da rana tsaka. Kunna fitilun gargaɗi, ka riƙe gudu kaɗan, kamar kilomita 20 a awa, ka ja motar har gari na gaba, ko gidan mai, ko shingen jami'an tsaro. Tayar za ta lalace, wataƙila wilin ma ya tafi. Duka biyun ana sayar da su a kasuwa.

Ka ƙara lura in tayoyi biyu suka sace a lokaci ɗaya a wurin da ba kowa, ko ka ji ka taka wani abu da bai yi kama da rami ba. Ɓarayi kan shimfiɗa ƙusoshi don a tsaya musu. A Nijeriya, lambar gaggawa ta Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ita ce 122, akwai kuma 112 ta gaggawa gaba ɗaya. Ka kira wani na gida tun kana da sabis, ka gaya masa garin da ka wuce da wanda ke gabanka.

Waɗanne kaya ne dole su kasance a but?

Safaya mai iska, jak da hannunsa, sifanar taya, da sikoshin. Waɗannan huɗun su ne dole, kuma jami'an hanya ma suna tambayar wasu daga ciki. Sai abubuwan da kamfani bai ba ka ba amma hanyoyinmu suka wajabta: guntun katako mai kauri, tocila, bututun ƙarfe da zai shiga hannun sifana, gejin auna iska, da tsohon buhu ko kwali na durƙusawa. Ƙaramin famfo mai aiki da lantarkin mota ma ya cancanci kuɗinsa, domin sau da yawa tayar da ƙusa ta huda a hankali take sacewa, in ka ba ta iska za ta kai ka wurin mai faci ba tare da ka kwance komai ba.

Abin da mutane ba sa yi shi ne gwada kayan a gida. Sifana ba girma ɗaya ba ce: yawancin Toyota lamba 21 suke ci, Honda 19, Volkswagen 17. Motar da ta bi hannu uku kafin ta zo gare ka, ba mamaki sifanar da ke but ɗinta ta wata motar ce daban. Haka jak: wani hannunsa ya ɓata, wani na mai ne kuma man ya tsiyaye. In kuma wilinka na da notin hana sata, wanda sai da makullinsa na musamman yake kwancewa, ka san inda makullin yake, domin in babu shi aikin ya tsaya tun ba a fara ba.

Na tsaya. Me zan yi kafin in taɓa jak?

Ja birkin hannu har ƙarshe. In otomatik ce sa ta a P, in manuwal ce sa giya ta ɗaya ko ribas, sannan ka kashe inji. Kowa ya fito daga motar, ya tsaya nesa da titi, ba a bayan motar ba. Yara a riƙe musu hannu. Tsohuwar da ta ce ita ba sai ta fito ba, a lallashe ta ta fito, domin motsin mutum ɗaya a ciki na iya zamar da jak.

Sai waigi. Sa dutse ko katako gaba da bayan tayar da ke kusurwar da ke fuskantar wadda za ka canja: in ta gaba ta hagu ce ta sace, ta baya ta dama za ka tokare. Waigi ya fi zama dole in tayar baya za ka ɗaga, domin a yawancin motoci birkin hannu tayoyin baya kawai yake kamawa. Fito da safaya da duk kayan aiki yanzu, tun motar na ƙasa, don kada ka zo kana jijjiga but bayan ta hau jak.

Me ya sa ake cewa a sassauta noti kafin a ɗaga motar?

Dalili biyu ne. Tayar da ke sama juyawa za ta yi ta yi in ka murɗa noti, ba za ka sami abin dogara ba. Na biyu, kuma shi ne mai haɗari, ƙarfin da ake sa wa noti mai tauri ya isa ya ture mota daga kan jak. Don haka tun tayar na ƙasa, cire murfin wili in akwai, ka karya ƙarfin kowane noti da kamar rabin juyi. Kada ka cire su tukuna.

Wajen kwancewa, saɓanin tafiyar hannun agogo ake yi. In ka rikice, ga dabara: fuskanci tayar, ka sa sifana hannunta ya miƙe zuwa hagunka, sannan ka danna ƙasa. Wasu manyan motocin ɗaukar kaya suna da noti mai zaren hagu a ɓangaren hagunsu, galibi da harafin L a kai, amma ƙananan motocin yau ba su da wannan.

Noti ya ƙi motsi. Yaya zan yi?

Yawanci laifin wanda ya ɗaure shi na ƙarshe ne, ko da injin iska ko da hawa kan sifana yana tsalle. Fara tabbatar da sifanar ta shige kan notin har ƙarshe, domin in rabi ta kama, kusurwoyin notin za ta cinye, ya zama mulmulalle, daga nan kuma sai bakanike. Zura bututun ƙarfen nan a hannun sifanar don ya ƙara tsawo. In babu bututu, daidaita hannun sifanar a kwance ta hagu, ka dafa motar, ka ɗora ƙafa a ƙarshensa ka saki nauyinka a hankali. Nauyi ake so, ba tsalle ba. Tsalle na karya bol, ko sifanar ta kuɓuce ta same ka a ƙwauri.

In tsatsa ce, ɗiga kananzir ko ka fesa man sassauta tsatsa irin WD-40, ka ba shi 'yan mintuna. Amma ka goge shi tas kafin ka mayar da notin. Dalilin yana cikin amsar da ta shafi ɗaure noti. Ka kuma tuna cewa bayan doguwar tafiya noti da wili suna da zafin da zai ƙona yatsa.

A ina ake kafa jak?

Ba ko'ina ba. A ƙarƙashin ƙofofi akwai wani ƙarfe mai kaifi da ya bi tsawon motar, kuma a jikinsa, dab da bayan tayar gaba da kuma dab da gaban tayar baya, akwai wurin da aka ƙarfafa, galibi da 'yan tsagu biyu ko alamar kibiya. Tsagar da ke kan jak ɗin a nan take zama. Ka leƙa da tocila, ka shafa da hannu, ka tabbata. Wanda ya kafa jak a ƙasan inda ake ajiye ƙafa zai ga ƙarfen ya lotsa, wanda ya kafa a roba zai ji ta fashe, wanda kuwa ya kafa a ƙasan inji ko tankin mai ya jawo wa kansa aikin da ya ninka na taya sau da yawa. Motoci irin Hilux da Land Cruiser, masu shasi daban, a jikin shasin ko a ƙarfen da ya haɗa tayoyin baya ake kafa musu, kuma littafinsu ya nuna wurin da hoto.

Ɗaga a hankali, kana duban jak ɗin. Ya tsaya a miƙe tun daga farko har ƙarshe. Da ka ga ya fara karkata, sauke ka sake kafawa, kada ka ce ai saura kaɗan. Ɗaga har tayar ta rabu da ƙasa da kamar yatsu uku, domin safaya mai cike da iska ta fi wadda ta sace tsayi.

Jak ɗin da ke zuwa da mota na canja taya ne kawai. Kada kanka ko hannunka ko ƙafarka su shiga ƙarƙashin motar muddin a kansa take. Kwantar da safaya a ƙarƙashin gefen motar kusa da jak yayin da kake ɗagawa, in ka ciro tayar da ta sace kuma ka musanya su. In jak ya zame, motar a kan wili za ta faɗa, ba a ƙasa ba, ba kuma a kanka ba.

Gefen hanyar yashi ne, jak yana nutsewa. Akwai dabara?

Aikin katakon da aka ambata a cikin kayan but ke nan. Share yashin sama har ka tarar da ƙasa mai ɗan tauri, ka kwantar da katakon, ka ɗora jak a tsakiyarsa. Masu bin hanyar Maraɗi zuwa Damagaram ko Damaturu zuwa Gashuwa ba sa rabuwa da shi. Da damina jar ƙasar gefen titi kan yi kama da mai tauri alhali ta jiƙa har ciki, da bazara kuma, a irin zafin Sakkwato da Maiduguri da ke haura digiri 40, kwalta kanta kan yi laushi har gindin jak ya shige ta.

Kada ka jera duwatsu ko bulon siminti don ƙara wa jak tsawo. Bulo ba ya gargaɗi, rugujewa yake yi lokaci ɗaya. In tayar ta kwanta har jak ya kasa shiga ƙarƙashin motar, hau da tayar da ta sace kan katako ko tudun ƙasa kaɗan, sarari zai samu.

Na cire notuna duka, amma tayar ta manne. Me ya riƙe ta?

Tsatsa ce ta haɗa wilin da cibiyar da yake zaune a kai, kuma an fi ganin haka a wilin alminiyam da ya daɗe ba a cire ba. Mayar da noti biyu, ka bar su sako-sako don kada tayar ta faɗo maka, ka juya mata baya ka doki gefen robar da diddige, ka juya ta ka sake dukan wani gefen. Kana yi kana duban jak. In ta ƙi, mayar da notunan duka da ɗan sassauci, ka sauke motar, ka jijjiga ta gefe da gefe har ka ji ta saki, sannan ka sake ɗagawa. Notunan da ka cire kuwa, zuba su a aljihu ko cikin murfin wili. Notin da ya faɗa yashi da dare ya tafi ke nan.

Yaya ake ɗaure noti daidai?

Goge fuskar cibiyar, ka ɗora safaya, bawul yana kallon waje. Kowane noti da yatsu za ka fara sa shi, ɓangarensa mai tsini yana fuskantar wili. In ya ƙi tafiya da yatsu, zaren bai hau daidai ba, warware ka sake, kada ka tilasta shi da sifana. In duk sun zauna, ɗan matse su, ka sauke motar, ka cire jak, sannan ka yi ɗaurin ƙarshe tayar na ƙasa.

Ba a bin su a jere. Ka ɗaure wannan, ka tsallaka na gabansa ta ɗaya gefen: mai noti huɗu a gicciye, mai biyar a zanen tauraro. Kamar ɗaurin kaya ne a bayan jaki, in ka ja igiya ta gefe ɗaya har ƙarshe, kayan karkacewa za su yi. Wilin da ya zauna a karkace zai sa sitiyari rawa, kuma notunansa kan saki a hanya.

Game da ƙarfi, kamfanoni sun ƙayyade shi da ma'aunin ƙarfin murɗawa da ake kira Nm: Corolla Nm 103, Civic da Accord Nm 108, yawancin ƙananan motoci dai tsakanin 100 da 120. Wannan bai wuce abin da babban mutum zai yi da hannu da sifanar motar ba. Ba a hawa da ƙafa wajen ɗaurewa, ba a kuma sa bututu. Kada a shafa wa zaren giris ko baƙin mai, domin santsin yana sa a wuce ƙa'ida ba a sani ba, bol ya miƙe, wata rana ya karye. Bayan ka yi tafiyar kilomita 50 zuwa 100, tsaya ka sake bin su da sifana.

Motata Golf ce, da na kwance sai tayar ta faɗo gaba ɗaya. Lafiya?

Lafiya lau, haka ƙirar take. A yawancin motocin Japan bol a kafe yake a jikin mota, noti kawai ke fita, don haka akwai inda za ka rataya wili. A Volkswagen da Marsandi da BMW da Peugeot 406 kuwa bol ɗin ne gaba ɗaya ke fita, wilin ba shi da abin riƙo sai ɗan leɓen cibiya. Wajen cirewa, bar na sama ya zama na ƙarshe, kana tokare tayar da gwiwa. Wajen mayarwa, zauna a kan buhunka, ka tallafi tayar da ƙafafu ta gefe da gefe ba tare da sun shiga ƙarƙashin motar ba, ka daidaita ramukan, ka fara sa na sama. Wasu Marsandi suna zuwa da gajerun bol na musamman don safayar ƙarfe, a ɗaure tare da ita. In ka gan su, su za ka sa, domin dogayen na iya zarcewa ciki su taɓa kayan birki.

Na duba but ban ga safaya ba. Ina take?

A Hilux tana ƙarƙashin bodi ta baya, a rataye da sarƙa, kuma ana sauke ta ne da dogon ƙarfen da ake harhaɗawa a zura ta wani rami a saman lambar mota. A Sienna ƙirar 2004 zuwa 2010 tana ƙarƙashin tsakiyar motar, ana kwance ta daga ciki, ta ƙasan kafet kusa da kujerun tsakiya. Irin waɗannan safayu su ne suka fi shan ƙura da ruwa, kuma abin sauke su kan ci tsatsa ya ƙafe. Sauke taka sau ɗaya a gida, ka ga yadda abin yake.

Wasu motocin kuwa ba a yi su da safaya ba sam. Ko dai tayoyinsu masu taurin gefe ne, waɗanda za su iya tafiyar kamar kilomita 80 babu iska a gudun da bai wuce 80 ba, ko kuma an ba su kwalbar ruwan liƙi da famfo. Matsalar ita ce mai motar na farko a nan kan cire waɗannan tayoyi masu tsada ya sa na gama-gari, sai motar ta zama ba ta da ko ɗaya. Ruwan liƙin ma ƙaramin huji kawai yake toshewa, kuma yana da ranar lalacewa. Mai irin wannan mota in yana doguwar tafiya, ya sayi cikakkiyar safaya da jak.

Safayata 'yar siririya ce. Zan iya ƙarasa tafiyata da ita?

Ta kai ka wurin mai faci ce, ba ta kai ka Legas ba. Gudunta kada ya wuce kilomita 80 a awa, kuma a rubuce yake a jikinta. Iskarta ma daban ce, 60 take ci a geji, kusan ninkin na sauran. Ba ta riƙe hanya kamar sauran, birki ma ba ya kamawa da ita yadda ka saba, balle a mota cike da mutane da buhuna.

In tayar gaba ce ta sace, kuma wurin gyara na da nisa, kuma inda ka tsaya akwai kwanciyar hankali, ya fi kyau ka sa siririyar a baya, ka ɗauko lafiyayyar ta bayan ka kai gaba, domin a yawancin ƙananan motoci tayoyin gaba ne ke ja, su ke juyawa, su ke ɗaukar mafi yawan birki. Aiki biyu ne, amma ya fi. Sai dai ka duba gefen tayar: in akwai kibiyar da ke nuna inda take juyawa, a ɓangare ɗaya za ta tsaya, ta hagu a hagu.

Ni mace ce, kuma ba ni da ƙarfi sosai. Zan iya?

Za ki iya. Wurare biyu ne kawai ke neman ƙarfi, kuma duka akwai dabararsu. Karya noti aikin tsawon sifana ne da nauyin jiki, kamar yadda aka bayyana a tambayar notin da ya ƙi motsi. Ɗaga taya kuma ba sai kin ɗauke ta ba: mirgino ta, ki daidaita tsayin jak yadda ramukan wilin za su zo dab da bol, sai ki zura sifana a ƙarƙashinta ki ɗan ɗaga. Ki tattare mayafi ko hijabi kada ya shiga hannun jak. In masu wucewa suka zo taimako, kin ga dama ki karɓa, amma ki kulle motar, makulli da waya a jikinki, kuma ki sa ido kan inda suka kafa jak, domin "Hajiya, kawo in yi miki" ba shaidar iyawa ba ce.

Tayar da na cire, faci za a yi mata ko ta gama?

Ya danganta da inda ta huje. Hujin ƙusa a tsakiyar fuskar da ke taka ƙasa, wanda bai wuce milimita 6 ba, yana gyaruwa. Gyaran da ya fi inganci shi ne a cire tayar daga wili, a duba cikinta, a liƙe ta ciki. Igiyar da ake cusawa daga waje ta fi sauri, amma ba ta nuna maka ɓarnar da ke ciki. Yanka ko huji a gefe, ko ƙullutun da ya kumburo bayan an faɗa rami, waɗannan ba su da magani, ko da mai faci ya ce zai ɗinke ya sa tub. Gefen taya shi ne ke lanƙwasa a kowane juyi, ba ya riƙe faci. In aka buɗe aka ga baƙin gari a ciki, alamar an taka ta babu iska ce, ita ma ta gama.

Safayar ba a taɓa amfani da ita ba, amma ta daɗe. Tana da kyau?

Roba na tsufa ko ba a taka ta ba, zafi kuma na gaggauta tsufan. A gefen kowace taya, a ƙarshen rubutun da ya fara da DOT, akwai lambobi huɗu: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 2319, an yi ta a mako na 23 na 2019. Hukumar Kiyaye Haɗurra tana ɗaukar shekara huɗu a matsayin wa'adin taya, kamfanoni irin Michelin kuma suna cewa a riƙa duba ta kowace shekara bayan ta biyar, kada kuma ta wuce goma ko yaya take da kyan gani. Wannan lamba ita ce abu na farko da mai sayen tayar gwanjo zai duba, kafin zanen da mai sayarwa ke nuna masa.

Iskar safaya kuma a auna ta duk wata, tare da sauran, da safe kafin a yi tafiya. Adadin da ya dace yana kan takardar da ke manne a jikin ƙofar direba, galibi tsakanin 30 da 35. Lambar da ke jikin tayar iyakar abin da za ta ɗauka ce, ba abin da za a sa ba. Al'adar rage iska da bazara wai don kada taya ta fashe kuwa juyin gaskiya ce: tayar da ba ta da isasshiyar iska ita ta fi lanƙwasa, ta fi ɗaukar zafi, ita ce kuma ke fashewa.

Notuna sun ɓace mini a yashi, ko bol ɗaya ya karye. Zan iya tafiya?

In na taya ɗaya ne suka ɓace, ari noti ɗaya-ɗaya daga sauran tayoyin uku, ka ɗaure wannan da su, a rarrabe ba a gefe ɗaya ba. In bol ɗaya ne ya karye a cikin biyar, huɗun za su riƙe na ɗan lokaci. A duka biyun, tafiya a hankali ce zuwa gari mafi kusa, kana tsayawa kana bin su da sifana, kana kauce wa ramuka. In biyu suka karye a wili mai noti huɗu, kada ka motsa motar. A kira bakanike ya zo da bol, ko a nemi motar ja.